Yadda Ake Neman Diyya Idan An Ji Rauni a Wurin Aiki a Kaduna

Ranar da inji ya cinye wa ƙanina yatsu biyu a wani kamfani da ke yankin Kakuri, mun yi duk abin da muka san ana yi. Mun bi shi asibiti, mun kwana da shi, 'yan uwa sun zo dubiya. Kamfanin ya biya kuɗin ɗinki da maganin farko, bayan mako guda manaja ya aiko da ambulan da wata takarda, yaron ya sa hannu da hannun hagu, mu kuma muka ce Allah ya saka da alheri. Sai da shekara ta wuce wani dattijo ɗan ƙungiyar ƙwadago ya tambaye ni ko mun kai maganar NSITF, hukumar gwamnatin tarayya da ke biyan diyyar ma'aikata. A ranar na fara jin sunan. Da na bi diddigi sai na gane cewa sa hannun nan bai kashe mana magana ba, domin doka ba ta san shi ba. Abin da ya kashe ta shi ne lokaci ya wuce, kuma ba mu da takarda ko ɗaya da ta nuna ranar da abin ya faru da yadda ya faru. Shi ya sa duk abin da zan faɗa a nan yake komawa kan abu biyu, rubutu da ƙidayar kwanaki.

Fara da sanin dokar da ke bayanka

A watan Disamba na 2010 aka sa hannu a Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987. Hukumar NSITF ce ke tafiyar da ita. Tsarin mai sauƙi ne: kowane mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ko ɗan kasuwa, zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa kowane wata a wani asusu, daga asusun ake biyan wanda ya ji rauni, ko ya kamu da ciwo saboda aiki, ko iyalan wanda ya rasu. Kuɗin daga aljihun maigida yake fita. Sashe na 14 ya hana a cire shi daga albashinka, in kuwa ka ga an cire da wannan suna, an saɓa doka.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne faɗin kalmar ma'aikaci a wannan doka. Ta haɗa da wanda aka ɗauka da baki ba takarda, da na wucin gadi, da lebura mai aikin yini, da yaron da ke koyon sana'a, har da mai aikin gida matuƙar ba ɗan gidan ba ne. Sojoji kawai aka ware. Saboda haka in oga ya ce maka kai ba cikakken ma'aikaci ba ne, ba ka da haƙƙi, maganarsa ce kawai, ba maganar doka ba. Kuma ba a tsara asusun don neman mai laifi ba. Ba sai ka tabbatar da sakacin kamfani ba, abin da ake so ka nuna shi ne a bakin aiki ko dalilin aiki abin ya same ka.

Mataki na farko: tun kafin komai ya faru

Tun ran gini tun ran zane. Ka nemi takardar ɗaukar aiki. Dokar Ƙwadago ta wajabta a ba ka rubutattun sharuɗɗan aikinka cikin wata 3 da farawa. In an ƙi ba ka, tara abin da zai tsaya a madadinta: katin shaidar aiki, takardar albashi, alat ɗin banki da ke nuna sunan wanda ya turo kuɗin, hotonka sanye da kayan aiki, saƙonnin da foman ke turo maka a waya. Da albashinka ake lissafa diyya, don haka wanda ake biya a hannu ba tare da rubutu ba ya riƙa rubuta abin da ya karɓa a ɗan littafi da kwanan wata.

Sannan ka tambaya cikin ladabi ko wurin aikinku ya yi rajista da NSITF kuma yana biya. In kana jin nauyin tambaya kai kaɗai, ku tura wakilin ƙungiya. Kaduna ba baƙuwar ƙungiyar ƙwadago ba ce, hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa ma a nan take. In kamfanin ɗaukar ma'aikata ne ya kawo ka wata masana'anta, ka san takamaimai sunan wanda yake biyan ka, domin ranar da tsautsayi ya faɗa kowannensu zai nuna ɗan uwansa.

Mataki na biyu: san abin da ke iya cutar da kai

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka ne, amma yawancin raunukan da na gani a wuraren aiki sun daɗe suna sallama kafin su shigo. Injin da aka cire wa murfin kariya don aiki ya yi sauri. Bel ɗin injin niƙa a buɗe ga mai babbar riga ko mai dogon mayafi. Sa hannu a cire abin da ya maƙale ba tare da an kashe injin daga tushen wuta ba, wanda shi ne ya ci yatsun ƙanina. Katakon hawa da aka ɗaure da tsohuwar igiya a bene hawa uku. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace sassan inji masu haɗari, a ajiye akwatin taimakon gaggawa, a ba da kayan kariya inda aiki ke buƙata, kuma masu duba masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya suna da ikon shiga su bincika. Safar hannu da tabarau da hular kwano da takalmin aiki ba alfarma ba ne.

Akwai haɗurra uku da nake so kowane mai aikin hannu a Panteka da garejojin Kawo da Mando ya riƙe. Na ɗaya, walda a jikin tanki ko duro da ya taɓa ɗaukar mai. Ko babu ɗigo a ciki, tururin da ya rage shi ne ke fashewa. Na biyu, shiga rijiya ko sokawe ko cikin tanki. Iskar da ke ƙasa tana iya sumar da mutum cikin numfashi kaɗan, kuma sau da yawa wanda ya faɗa don ceto shi ma ba ya fitowa. Kada kowa ya shiga ba igiya a ƙugu da mutane a sama. Na uku, janareto a rufaffen shago. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, ciwon kai da jiri ne kawai gargaɗinta.

Ciwon da ke shiga a hankali ya fi wuyar ganewa, kuma shi ne aka fi asarar diyyarsa. Duk wanda ya tashi a Kakuri ko Nasarawa ko Makera ya san tsofaffin ma'aikatan masaƙa da sai an ɗaga murya suke ji, da masu tarin da ba ya ƙarewa. Ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 85 na tsawon awa 8 kullum tana cin ji a hankali, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Ga gwaji mai sauƙi: in sai ka yi ihu kafin wanda ke tsaye kusa da kai ya ji ka, wurin yana buƙatar abin toshe kunne. Ƙurar auduga tana toshe ƙirji. Ƙurar dutse da ta yankan tayil tana taurara huhu, ba ta warkewa, tana kuma buɗe ƙofa ga tarin fuka. Mai fasa tsohon batirin mota yana mu'amala da dalma, gubar nan da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, kuma yana iya kai ta gida a jikin rigarsa. Dokar 2010 ta amince da ciwon da aiki ya jawo, da raunin ji, har da matsalar ƙwaƙwalwa da ta biyo bayan wani mummunan abu da ya faru a wurin aiki.

In ka ga haɗari, ka faɗa a rubuce. Saƙon waya zuwa ga foman ya isa, domin yana ɗauke da kwanan wata.

Mataki na uku: awa ta farko bayan rauni

Rai ne gaba. In wutar lantarki ce ta kama mutum, a kashe ta daga mita ko a ture wayar da busasshen katako kafin a taɓa shi. In jini ke zuba, a danne da tsabtataccen ƙyalle da ƙarfi, kada a zuba ƙasa ko toka ko man birki. Ƙuna ruwan sanyi mai gudu take so na kamar minti 20, ba man goge baki ko ɗanyen ƙwai ba. Sinadari a ido, a yi ta wanke shi da ruwa na aƙalla minti 15 kafin a nufi asibiti, kuma Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa tana nan cikin garin. Wanda ya faɗo daga sama kada a cicciɓe shi a ɗora a babur, a kwantar da shi a kan faffaɗan katako, wuya da baya a miƙe. In yatsa ya guntule, a naɗe shi da tsabtataccen ƙyalle mai ɗan laima, a sa a leda a ɗaure, sannan a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara a tafi da shi. Kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye.

A nan ne nake roƙo da babbar murya: a fara da asibiti. Na san darajar maɗori a wurinmu, na san kuma kemis ya fi kusa ya fi sauƙi. Amma maɗori ba ya ba da rahoton likita, ba ya ɗaukar hoton ƙashi, kuma hukuma da takardar likita take aiki. Asibitin Barau Dikko, na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, na Gwamna Awan a Kakuri, duk wanda ya fi kusa. Lokacin yankar kati, wanda ya rako majinyacin ya faɗa wa likita a fili cewa a wurin aiki abin ya faru, da ƙarfe kaza, a kan inji kaza, ya roƙa a rubuta haka a fayil. Wasu masu gida sukan ce a faɗa a gida aka ji ciwon don kada a ja magana. Kada ka yarda. Layin nan guda da likita zai rubuta ranar farko ya fi shaidun baki goma da za a kawo daga baya.

Wani daga cikin abokan aiki ya ɗauki hoton wurin da na injin kafin a gyara ko a share, ya kuma rubuta sunayen waɗanda suka gani da lambobin wayarsu. Ma'aikatan wucin gadi ba sa daɗewa a wuri ɗaya, bayan wata uku ba lalle ka same su ba.

Mataki na huɗu: kwana 14

Sashe na 4 na Dokar 2010 ya ba ka kwana 14 ka sanar da maigidan aikinka, daga ranar raunin, ko daga ranar da ka sami labarin ciwon in na sannu a hankali ne. Kada ka ce ai oga yana wurin, da idonsa ya gani. Rubuta. Takardar ba ta buƙatar lauya ko dogon Turanci. Sunanka da adireshinka, rana da lokaci da wurin da abin ya faru, yadda ya faru, da irin raunin. Yi kwafi biyu, kai wa manaja ko ofishin kula da ma'aikata, a sa hannu da kwanan wata a naka kwafin. In an ƙi karɓa, ɗauki hotonta ka tura ta WhatsApp ko imel, ka ajiye shaidar turawa. In kana kwance, matarka ko ɗan uwanka ya kai a madadinka. Doka ta bar ƙofa ga wanda bai sanar a kan lokaci ba in hukuma ta gamsu cewa maigida ya riga ya sani, amma wannan ƙofa ce ta roƙo da jayayya, gara kada ka buƙace ta.

Shi kuma maigida sashe na 5 ya ɗora masa kai rahoto ga NSITF cikin kwana 7, in kuwa rasuwa ce nan take. Bayan mako guda ka tambaya ko an kai, ka nemi ganin kwafin.

Mutane sukan yi mamaki in na ce haɗarin hanya ma yana ciki. In ka yi haɗari tsakanin gidanka da wurin aiki, ko wurin da ka saba cin abinci, ko inda ka saba karɓar albashi, doka ta lissafa shi, da sharaɗin maigida ya san wurin tun farko. Don haka wanda ya tashi daga Rigasa ya koma Unguwar Mu'azu ya sabunta adireshinsa a ofis. Haka wanda aka aika wani gari ko wani wuri da sunan aiki.

Mataki na biyar: ambulan da takardar sa hannu

Za a zo da ita, yawanci lokacin da kuɗin gida ya ƙare kuma jiki ya yi laushi. Taimakon da maigida ya bayar don magani karɓa ba laifi, ka rubuta nawa ne da ranar da aka bayar. Takardar da ke cewa ka yafe duk wani haƙƙi kuwa, kada ka sa hannu sai wanda ka amince da shi ya karanta maka ita. In ma ka riga ka sa, kada ka karaya. Sashe na 13 ya ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da maigida ta yafe diyyarsa ba ta da ƙarfi.

Wani abin da ke hana mu nema ba tsoro ba ne, kunya ce. Mutum ya ce maigidan nan ya yi mini alheri, ba zan kai shi ƙara ba. Neman diyya a NSITF ba ƙara ba ce. In yana biyan kasonsa, daga asusu za a biya ka, ba daga aljihunsa ba. Yarda da ƙaddara kuma ba ta hana mutum karɓar abin da yake nasa, kamar yadda ba ta hana shi shan magani.

Mataki na shida: shigar da buƙata

Kana da shekara 1 daga ranar rauni ko rasuwa ko bayyanar nakasa, a ƙarƙashin sashe na 6. In akwai dalili na musamman da ya hana, hukuma na iya karɓa har zuwa shekara 3, amma ganin damarta ne. Ni shawarata kada ka wuce wata na biyu. Ka je ofishin NSITF na Kaduna da kanka ko ka tura wakili, a ba ka fom, a nuna maka ɓangarenka da na maigida da na likita.

Ka tafi da fayil guda mai ɗauke da rahoton likita, katin asibiti, hoton ƙashi da sakamakon gwaji, kowane rasit har na ƙaramin magani, kwafin takardar sanarwarka, shaidar aiki da ta albashi, katin shaidar ɗan ƙasa, bayanin asusun banki, da rahoton 'yan sanda in haɗarin hanya ne. Yi kwafin komai kafin ka miƙa, ka karɓi shaidar cewa an amsa. Rubuta sunan jami'in da ranar da ya ce ka dawo, ka kuma dawo. Fayil ɗin da mai shi ke leƙowa ya fi saurin motsi. In an kira ka gwajin likitocin hukuma kada ka ƙi zuwa, da shi ake auna girman nakasa.

Abin da ake biya ya danganta da raunin. Akwai kuɗin magani da kayan taimako irin su ƙafar roba, akwai biyan kwanakin da mutum ya kasa aiki, akwai taimakon koyon wata sana'a ga wanda ba zai iya komawa tsohuwar ba. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har abada, doka ta yanka masa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Wanda nakasar ta rage masa ƙarfin nema, ana lissafa kashi 90 cikin 100 na abin da aka ƙiyasta ya rasa.

In rasuwa ce

Mu mutane ne masu gaggauta sutura, kuma daidai ne. Amma kafin a ɗauki gawa daga asibiti, mutum ɗaya cikin dangi ya tsaya ya karɓi takardar shaidar rasuwa mai nuna sanadi. In a wurin aikin aka cika, a sanar da 'yan sanda, a sami likita ya tabbatar a rubuce. Bayan kwana uku ko bakwai, a kai takardar sanarwa ga kamfanin cikin kwana 14 ɗin nan. A haɗa shaidar aure da takardun haihuwar yara na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Matar da aka bari da yara biyu ko fiye, doka ta ba su kashi 90 cikin 100 na albashin mamacin duk wata, mai ɗa ɗaya kashi 85, kuma rabon yara yana tafiya har su kai shekara 21 ko su gama digirin farko, duk wanda ya fara zuwa. Na sha zama a wurin gaisuwa inda wani babba a dangi zai miƙe ya ce mun yafe, mun bar wa Allah. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma abincin marayu da kuɗin makarantarsu ne yake yafewa, kuma ba nasa ba ne.

In an ƙi, ko maigida bai yi rajista ba

In hukuma ta yanke abin da ba ka gamsu da shi ba, kana da kwana 180 ka ɗaukaka magana gare ta a rubuce. In har yanzu ba a daidaita ba, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a Kaduna. In maigida bai taɓa yin rajista ba, laifin nasa ne, amma hanyarka za ta yi tsawo. Ka kai rahoto NSITF duk da haka, ka kai ƙorafi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ka nemi reshen jiha na ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, wato NLC, ko ƙungiyar sana'arku. Wasu sukan zaɓi ƙarar sakaci a kotu maimakon diyyar asusu. Ba a cin biyun tare, kuma zaɓin yana da wa'adi, don haka ka ga lauya tun watannin farko kafin ka ɗauki ɗaya. Marar hali ya fara da Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya ya ji abin da za su iya yi masa.

Ga iyayen gida masu shaguna a Panteka da masu gidajen bulo da burodi da injinan niƙa: in kana biyan yara biyar jimillar naira 300,000 a wata, kasonka naira 3,000 ne. Ka je da takardar rajistar kasuwancinka da jerin sunayen yaran da abin da kowa ke karɓa, ka sa har da mai koyon aiki, ka ajiye rasit ɗin kowane biya a wurin da babban yaronka ya sani.